Yadda Aka Kulle wa Mama Jirginta

Mahaifiyata Jumai ba ta yi boko ba, kuma sai da ta haura shekara hamsin da biyar kafin ta taɓa kwamfuta da hannunta. Amma daga unguwarmu ta Sabon Pegi har zuwa Titin Makurdi, in ka ce Mama Direba, an san wadda kake nufi. Ni ce 'yarta ta uku, Fanna, kuma ni na kawo abin da ya jawo mata wannan suna, shi ya sa nake ganin ni ya kamata in ba da labarin.

Bagwandariya ce, daga wani ƙauye da ke gefen garin Lafiya. Tun tana budurwa take bin yayarta zuwa tashar jirgin ƙasa da tiren gasasshiyar doya da manja da barkono. Jirgi yakan tsaya kamar minti goma, 'yan talla su bi tagogi da gudu suna turereniya. Ita ba ta son turereniyar, sai ta riƙa wucewa can gaba wajen kan jirgi, inda babu kowa sai direba da mataimakinsa. Mataimakin nan shi ne Ari, mahaifinmu, ɗan Barebarin cikin gari, dogo, marar yawan magana, rigarsa kullum da tabon baƙin mai. Shekara biyu yana sayen doya a hannunta kafin ya tambaye ta sunanta. Takan ce da ta tsaya jiran ya yi maganar aure da kansa, da har yau tana tasha da tire a kai. Ita ce wata rana ta ce masa ko dai ya turo manyansa, ko ya nemi wata mai doyar.

Baba ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin reluwe, ya tashi daga mataimaki ya zama direba, yawanci tsakanin Kafanchan da Makurdi. Mutum ne mai bin doka har ya ba ka haushi. Akwai ranar da sigina ta maƙale a kan ja kusa da Gudi, ya tsayar da jirgi awa huɗu cikin rana, fasinjoji suka sauko suna roƙonsa suna nuna masa cewa layin a buɗe yake, ko akuya babu, amma ya ƙi motsawa sai da aka kawo masa izini a rubuce. Mama takan ba da wannan labari da alfahari, amma akwai wani da take bayarwa da ɗan ɗaci. Suna sabon aure ta roƙe shi ya bar ta ta hau kan jirgi ta ga abin da ke ciki, ko na minti ɗaya ne, ya ce doka ta hana. Har ya bar aiki ƙafarta ba ta taka wurin ba.

Jirage suka yi ta raguwa har aka koma sai jefi-jefi, ciyawa ta fara cin layin dogo. Baba ya yi ritaya ya dawo gida gaba ɗaya. Mama ta ci gaba da sana'arta ta sarin doya da agushi, shi kuwa ya koma ƙarƙashin mangwaron tsakar gida da rediyonsa. Ba ya ƙorafi, amma duk mun ga yana ƙanƙancewa.

A shekarar 2012 ofishinmu ya tura ni kwas na mako biyu a Abuja. A wani babban kanti na ga kwali mai hoton kan jirgi, mai kantin ya ce gem ne na kwamfuta, mutum ya zauna ya tuƙa jirgin ƙasa kamar gaske. Wata abokiyar kwas ɗina ta ce kada in wahalar da kaina, a bakin kasuwa akwai kwafinsa a banza. Na san mahaifina. Abu na farko da zai tambaya shi ne daga ina, kuma in ya ji na sata ne ba zai kalle shi ba. Na sayi orijina, a rufe cikin ledarsa.

Wanda ya zo ya saka mana shi a tsohuwar kwamfutar falo shi ne Tavershima, ɗan Tibi daga wajen Agyaragu, sa'an babban yayanmu, mai shagon gyaran kwamfuta a Titin Makurdi. Ya juya ɗan littafin da ke cikin kwalin, ya nuna mini wata doguwar lamba a bayansa, ya ce in lura, wannan lambar sau uku kawai take aiki. Duk lokacin da aka saka gem ɗin sai ya leƙa intanet ya gaya wa kamfanin, su kuma su ƙirga. Na ce ai kwamfuta ɗaya gare mu, me za mu yi da sau uku. Ya yi dariya ya ce, "Anti Fanna, a Lafiya muke fa." Ban gane abin da yake nufi ba a lokacin. Wani dogon rubutu na Turanci ya fito, na danna na yarda ba tare da na karanta ba.

Ranar farko Baba bai tuƙa ba. Ya ja kujera ya zauna yana kallon cikin kan jirgin da ya bayyana a allo, yana nuna abubuwa da yatsa yana kiran sunayensu, wannan birkin taragai, wannan birkin inji, wannan na zuba yashi in layi ya yi santsi. Ya ce jirgin ba irin namu ba ne, amma wanda ya zana shi ya taɓa shiga na gaske. Da Tavershima ya tayar da injin sautin ya cika falon, sai Baba ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

Daga nan ya zama duk bayan la'asar, in akwai wuta, yana gaban kwamfuta. Mama ta fara da tsiya. Takan zauna a tabarma kusa da shi tana ɓarar agushi, tana cewa tsoho da furfura ya koma wasan yara. Amma yanar ido ta fara rufe wa Baba gani, ya daina ganin lambobin gudu, ya daina rarrabe sigina daga nesa. Sai ya riƙa tambayarta, Jumai, wane launi ne wancan, ita kuma ta ɗago kai ta ce ruwan ɗorawa ne, ta koma kan agushinta. A hankali ta daina komawa kan agushin. Wata rana ya wuce tasha da taragai uku don bai ga alamar tsayawa ba, ta karkaɗe zaninta ta ce ya matsa.

Haka suka raba aikin. Ita ke riƙe da kibod tana kallon hanya, shi yana gefenta ido a rufe yana sauraron inji. Daga sautin kaɗai yakan san gudun ya yi yawa ko an fara hawa tudu. Yakan ce rage, ta rage, ya ce saki, ta saki. Ba ta iya karanta Turancin da ke allon ba, amma ta haddace wurin kowane abu, lambobi kuwa ta san su tun daga kasuwa. Cikin wata shida ta fi shi iya tsayawa daidai kan dandamali, shi da kansa ya faɗa. Na taɓa shigowa na tarar tana ce masa, ba ta ko kalle shi ba, "Baban Aminat, ga ni a kan jirgi, sai ka kira doka ta sauke ni." Aminat ita ce babbar yayarmu. Baba ya yi murmushi ya ce ta kula da kwanar da ke gaba.

Sakawar farko tsawa ce ta cinye ta. Ruwan farkon damina ya zo da rana tsaka, aka yi wata ƙara, kwamfutar ta yi wari ta mutu. Muka haɗa hannu da yayyena muka kawo wata, Tavershima ya sake sakawa. Ta biyu ba ta yi shekara ba. Wani kawunmu ya zo da filash zai buga takardar neman fili, ashe filash ɗin cike yake da bairos, sai da aka goge komai aka fara daga farko. Da Tavershima ya zo yin ta uku, sai ya tsaya ya kalli Mama ya gaya mata da Hausa dalla-dalla cewa wannan ita ce ta ƙarshe.

Ban taɓa ganin an yi renon na'ura kamar yadda Mama ta reni wannan kwamfuta ba. Takan ce da ita "shi", yadda take yi wa abubuwa da yawa in Gwandara ta shigo mata cikin Hausa. Ta ɗinka masa riga da ragowar atamfa. Ta hana kowa taɓa shi, har jikoki. In hadari ya taso tana kasuwa, sai ta bar doyarta wa maƙwabciya ta hau acaba ta zo ta zare waya daga bango. Lokacin zafin Maris, da ake kwana ana juyi, fanka ɗaya tilo ta tsaye da ke falon shi take juya wa, ita da Baba suna fifita da mafici. A haka ta riƙe shi shekara uku.

Gem ɗin yana da hanyoyi da yawa, sai ka gama wata a buɗe maka ta gaba. Sun gama duka sai ta ƙarshe, wata doguwar hanya ta cikin duwatsu masu ƙanƙara, da jirgin kaya mai nauyi, wadda ke cin kusan awa uku ba tsayawa. Sau bakwai suna kama ta ana ɗauke wuta a tsakiya. Suna cikin shirin aro janareton maƙwabta don su gama ta a zama ɗaya, sai rumbun ajiyar kwamfutar ya fara wani ƙas-ƙas kamar ɓera na cin katako. Tavershima ya yi maza ya kwashe komai ya zuba a sabon rumbu, bai bar ko ɗigo ba. Kwamfuta ta tashi lafiya lau. Amma da aka buɗe gem ɗin, maimakon jirgi sai wani ɗan akwatin rubutu ya fito. Gem ɗin ya ɗauka wata kwamfuta ce dabam, kuma lambarmu ta ƙare.

Mama ta sa na fassara mata rubutun sau biyu. Ta tashi ta ɗauko kwalin daga cikin kwabarta, inda take ajiye shi tare da kwanonin aurenta, ta ajiye a gaban Tavershima. Ta ce ga faifai ko ƙarzanewa bai yi ba, ga littafi, ga lamba, ga kwamfuta ita ce dai ta jiya, to wane ne yake hana su. Ya yi mata bayani cewa kamfanonin suna yin haka ne don hana masu satar gem suna kwafa suna sayarwa.

"To ɓarayin, an hana su?" ta tambaya.

Tavershima ya sosa ƙeya ya ce gaskiya a'a. Masu kwafi sun daɗe da fasa makullin, nasu ba ya neman lamba, ba ya neman intanet, ko sau ɗari suka ga dama sai su saka. Wanda ya sayi na gaskiya shi kaɗai ake ƙirga wa.

Ta faɗi wata magana da Gwandara wadda ba zan fassara ba. Da ta dawo Hausa ta ce shekara arba'in tana sayar da doya, ba ta taɓa bin mutum gida ta tsaya masa a kan murhu ta ce sau nawa zai ɗora tukunya ba. Tavershima ya ce in an yarda, yana da wanda aka fasa a shago, minti ashirin ya isa ya saka mana.

Baba ne ya ce a dakata. Ya tambaye ni ko akwai wata yarjejeniya da aka yi lokacin sakawa, na ce akwai wani rubutu da na danna. Ya ce in nemo shi in karanta masa. Yamma uku muka yi a ƙarƙashin mangwaro ina karantawa ina fassarawa, yana tsayar da ni yana cewa in maimaita. A can ciki muka tarar da abin da ban taɓa zato ba. Ashe ba gem ɗin muka saya ba, izinin amfani da shi muka saya, bisa sharaɗinsu, kuma an rubuta sau ukun ƙarara. Ya tambaye ni ko na danna na yarda. Na ce na danna, har sau uku.

"To mun yarda ke nan," ya ce. "Mugun sharaɗi ne, wanda ya rubuta shi bai san ƙasar da ake tsawa ba. Amma mun yarda. Wanda aka fasa ba zai shigo gidana ba."

Mama ta ce ita ba ta yarda da komai ba, ba a karanta mata ba, ba a tambaye ta ba. Ya ce 'yarta ta yarda a madadinta. Wannan ne karo na farko da na ga sun yini ba su yi wa juna magana ba, ko da yake da magariba ta kai masa tuwonsa har da man shanun da yake so.

Ya ce a bi hanyar da ta dace, a rubuta wa kamfanin. Ya faɗa na rubuta, wasiƙa mai ladabi, ya sa har da shekarun da ya yi yana tuƙa jirgi na gaske. Cikin minti ɗaya amsa ta zo, muka yi murna, ashe na'ura ce ta amsa, wai sun karɓi ƙorafinmu. Bayan mako biyu suka nemi hoton rasit da na faifai, na tura. Suka sake neman abin da na riga na tura, na sake turawa. Daga nan shiru. Na kira lambar wayarsu ta ƙasar waje, aka bar ni da kiɗa a kunne har katina ya ƙare.

Gidan ya yi sanyi. Baba ya koma wajen rediyonsa, Mama ta rufe kwamfutar da rigarta ta daina ko kallon wajen. In la'asar ta yi sai ka ga ta rasa inda za ta sa kanta, ta share inda ta riga ta share. Wata biyu aka yi haka. Wata ranar Talata ta yafa mayafinta, ta tsaya a gabansa ta ce za ta shagon Tavershima ta tuƙa jirgi.

"Ka ce ba zai shigo gidanka ba, to bai shigo ba," ta ce. Baba ya juya maɓallin rediyo ya ce Allah ya kiyaye hanya.

A bayan shagon akwai ɗaki mai kwamfuta shida inda mutane ke zuwa buga gem, ɗaliban kwaleji, da wasu ma'aikata in sun tashi daga ofis, da wani mai sayar da taya da ba ya fashi. Ranar da Mama ta shiga duk suka miƙe, sun ɗauka ta zo neman ɗanta ne. Tavershima ya ba ta kwamfutar lungu. Da suka ga yadda ta tayar da jirgin kaya a kan tudu ba tare da ya zame baya ba, sai mai tayar ya ce ashe Mama direba ce, sunan kuma ya zauna.

A nan ta gano ba ita kaɗai ba ce. Wani ma'aikacin banki mai suna Terseer ya sayi gem ɗin ƙwallo na gaskiya, amma ba ya buɗuwa sai da intanet, ko da shi kaɗai zai buga, in sabis ya yanke ana tsakiyar wasa sai a kore shi waje. Wani kuma nasa sai faifan yana ciki kullum, faifan ya tsage, shi ke nan. Wani ya ƙara wa kwamfutarsa ƙarfi ne kawai aka ce ya canza na'ura. Dukansu sun koma na kwafi, kuma abin da ya fi ba Mama mamaki shi ne ba wanda ke jin daɗin hakan, sun fi son a ce abin da suka saya ya yi musu aiki. Kafin wata ya ƙare ta zama ita ce mai bakin ɗakin. Duk wanda ya zo da sabon kwali sai ta sa an karanta mata bayansa tukuna.

Sai dai tuƙin nata ya ragu. Ido gare ta, kunnen yana gida. A gangaren duwatsu takan danne birki da yawa har iskar birkin ta ƙare, jirgi ya kuɓuce mata. In ta dawo sai ta zauna kusa da mangwaro tana ba ni labari da ƙarfi, ni da ban san komai a kai ba. Baba yana riƙe da rediyo a kunne kamar ba ya ji. Ran nan dai ya kasa daurewa, ya tambaya ba tare da ya juyo ba, tarago nawa take ja. Ta ce ashirin da takwas. Ya ce ai ba a yi wa ashirin da takwas birki irin na jirgin fasinja, a ɗan taɓa ne a saki, a bar iska ta taru. Ta ce faɗa a nan da sauƙi.

Ranar Alhamis da ta fito za ta tafi, ta tarar da shi a zaure da hula da sanda. Ya ce zai je shan iska ne wajen Titin Makurdi. Suka shiga keke napep ɗaya. Da suka isa bai shiga shagon ba. Akwai benci a waje, jikin bango, daidai ƙarƙashin tagar lungun da take zama, nan ya zauna ya ba tagar baya. Tavershima ya ɗauki sifika ya ɗora a kan tagar ya juya ta waje. Ba a jima ba aka ji sanda ta ƙwanƙwasa ƙarfen taga sau ɗaya. Mama ta rage gudu. Aka ƙwanƙwasa sau biyu, ta saki birki.

Da wannan sanda suka gama hanyar duwatsu, wata Asabar da rana. Ina wurin. Tavershima ya tayar da janareto tun kafin a fara don kada a dogara da wuta. Da aka shiga awa ta uku duk 'yan ɗakin sun bar nasu wasan sun taru a bayanta, ba mai tari. Gumi yana bin wuyanta, mayafin ya zame ba ta gyara ba. A babban gangaren sanda ta yi ta magana, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, ita kuma tana bi. Jirgin ya fito daga wani dogon rami, ya sauka a hankali, ta tsayar da shi daidai kan alama. Aka yi tafi, ita kuwa ta tashi ta ratsa su ta fita waje.

Ta zauna a bencin kusa da shi ta shiga gaya masa abin da ke tashar ƙarshe, tunda shi ba zai gani ba. Ta ce akwai tafki babba, ruwansa shuɗi, da gidaje masu jan rufi, da mutane 'yan ƙanana sanye da manyan riguna suna jira a dandamali, har da wata mai kare. Ya saurara har ta gama, sannan ya tambayi lokaci. Ta ce ta makara da minti huɗu. Ya ce a zamaninsu da sai ta rubuta dalili. Yana faɗa yana laluben hannunta a kan bencin, ya riƙe, a bakin titi, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Amsar kamfanin ta zo bayan wata goma sha ɗaya. Wai an sayar da su ga wani kamfani, sababbin masu shi sun daina kula da wannan tsohon gem, ba za su iya ƙara mana sakawa ba, amma suna ba mu shawara mu sayi sabon da suka fitar. Tavershima ya duba ya ce sabon ba ya tashi sai da intanet a kowane lokaci. Na karanta wa Baba, ina tsammanin yanzu zai sauko, tunda su ne suka rufe ƙofa. Ya kai maganar wajen limamin unguwa. Liman ya ce bai taɓa cin karo da irin wannan tambaya ba, amma a ganinsa wanda ya biya haƙƙin abu aka hana shi amfaninsa, ba shi ne mai zalunci ba. Baba ya yi godiya, ya dawo gida, bai canza komai ba. Da na matsa masa sai ya ce ya riga ya saba da bencin.

Ina ganin gaskiya ya faɗa. A bencin nan ya sami abin da ya rasa tun da ya bar aiki. Masu gem in sun fito shan iska sukan zauna su tambaye shi yadda ake haye gadar Makurdi da jirgi lokacin da kogi ya cika, ko abin da direba ke yi in shanu sun hau layi. Mutumin da ba ya haɗa jimla uku a gida sai ga shi yana ba da labari har a kira magariba. An yi masa aikin ido daga baya, ɗaya ya ɗan buɗe, amma ko sau ɗaya bai leƙa ta tagar ba.

Ya rasu da daminar 2020, bayan jinyar kwana tara. 'Yan ɗakin gem sun zo jana'iza, Musulminsu da Kiristansu, mai taya ne ma ya kawo rumfa. Da Mama ta fita takaba, Tavershima ya zo gaisuwa, ya ce in tana so yanzu sai ya saka mata a kwamfutar gida ta huta da zirga-zirga. Ta yi masa godiya ta ce a'a, har yanzu gidan Ari ne. Ta ɗauki kusan shekara ba ta je shagon ba. Da ta koma kuma ta bar jiragen kaya, ta koma na fasinja a hanyoyin da ba su da gangare.

Yanzu tana dab da saba'in, gwiwoyinta sun fara ba ta wahala, ta bar wa Aminat harkar doya. Bara Tavershima ya tashi daga tsohon shagon ya koma wani sabon gini, a hawa na biyu, matakala ashirin da wani abu. Mama ta je sau ɗaya ta tsaya a ƙasa ta kalli matakalar ta juyo gida. Bayan kwana uku sai ga shi ya zo ya ce an sami mafita. Matarsa Fanen tela ce, shagonta yana ƙasa a ginin, ta matsar da keken ɗinki ɗaya ta ba kwamfutar Mama wuri tsakanin teburin yanka da tulin atamfofi.

Can take zuwa Talata da Alhamis. Matan da ke kawo ɗinki sukan tsaya kallo har su manta da awon da suka zo yi. Ɗaya daga cikinsu, Hajiya Hanifa, tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce da ta yi ritaya, ta ce a koya mata. Wata huɗu ke nan suna yi. Hajiya Hanifa tana tsoron gudu, ba ta yarda ta wuce ashirin, jirginta kullum a makare yake isa, Mama kuma ba ta da haƙurin koyarwa ko kaɗan. Fanen ta gaya mini cewa makon jiya sun yi faɗa sosai har Hajiya ta ɗauki jakarta ta ce ba za ta sake zuwa ba. Ranar Alhamis ta riga Mama isowa, ta zo da sabon tabarau da ƙullin dafaffiyar gurjiya na mutum biyu.